Gashi da haƙori a cikin ƙarin da aka cire mini

Na fi shekara 2 ina fama da ciwon mara ta gefen dama kafin in san sunan abin da ke damuna. Ciwon ba irin mai kwantar da mutum ba ne, nauyi ne kawai nake ji kamar an ɗaura mini ƙaramin dutse a ƙasan cibiya, yakan ƙaru idan na daɗe a tsaye gaban allo ina koyar da yara, ko kuma idan na sunkuya wanki. Kamar yadda yawancin matanmu suke yi, ni ma na sanya masa sunan ciwon sanyi. Na sha ƙwayoyi iri-iri daga hannun wani mai kemis a unguwarmu, an yi mini allurai, na dafa saiwoyi da sassaƙe na sha har bakina ya saba da ɗaci, amma nauyin nan yana nan inda yake.

Abin da ya kai ni asibiti a ƙarshe ba ciwon ba ne, jinkirin haihuwa ne. Autata ta cika shekara 4 ban sake samun ciki ba, sai maigida ya ce mu je a duba. A wani ƙaramin asibiti cikin garin Gombe aka fara yi mini hoton ciki, wanda muke kira sikanin. An sa na sha ruwa har fitsari ya matse ni, domin idan mafitsara ta cika an fi ganin mahaifa da abin da ke gefenta. Mai ɗaukar hoton ya shafa mini wani mai mai sanyi, yana zagayawa da na'urar yana hira da ni, sai na ga ya yi shiru ya tsaya a wuri ɗaya, ya danna, ya auna, ya sake aunawa. Da ya gama ya ce mahaifata lafiya lau take, amma akwai ƙari a gidan ƙwai na dama wanda faɗinsa ya ɗan haura santimita 7, kuma kamanninsa sun nuna irin wanda likitoci ke kira damoyid ne. Ya ba ni takarda ya ce in kai wa likitan mata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka.

Kalmar ƙari kaɗai ta isa ta hana mace barci, domin abin da yake fara zuwa zuciya shi ne ciwon daji. Kwana 6 na yi kafin ranar ganin likita, kuma ban taɓa yawan tashi sallar dare kamar a kwanakin nan ba.

Likitar da na gani mace ce. Ta yi mini tambayoyi masu yawa a kan al'adata, da haihuwar da na yi, da lokacin da ciwon ya fara, da ko akwai wadda ta taɓa yin ciwon daji na mama ko na gidan ƙwai a danginmu. Ta duba ni, ta sa aka yi gwajin ciki don a tabbatar ba ni da juna biyu, aka sake ɗaukar hoto a wurinsu, aka kuma ɗebi jinina don a auna yawansa da rukuninsa da lafiyar ƙoda, da wasu alamomi da ke hauhawa a cikin jini idan ƙarin mugu ne. Da sakamakon ya haɗu, sai ta ɗauki biro ta zana mini mahaifa da gidajen ƙwai biyu a bayan wata takarda, ta yi mini bayanin da har yau nake iya maimaita shi kusan kalma da kalma.

Ta ce ƙwayoyin da Allah Ya ajiye a gidan ƙwan mace, tun tana cikin mahaifiyarta ake halittarsu, kuma su ne suke da ikon zama kowane sashe na jikin mutum. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu takan fara tsiro da kanta ba tare da ta haɗu da maniyyin namiji ba, amma tunda ba ciki ba ne, ba ta zama jariri, sai dai ta yi wata jaka mai fata a ciki. Fatar nan tana yin abin da kowace fata ke yi, tana fitar da maiƙo, tana tsirar da gashi, wani lokaci ma a samu haƙori ko guntun ƙashi a jikinta. Ta nuna mini wani wuri mai haske sosai a hoton ta ce, "Malama, kin ga nan? Ina kyautata zaton ƙashi ne ko haƙori."

Na ji tsigar jikina ta tashi. Na tambaye ta ko kwantaccen ciki ne, irin wanda ake cewa ya kwanta ya bushe a cikin mace. Ta ce sam, ba ciki ba ne kuma bai taɓa zama ciki ba, domin ana samunsa a jikin 'yan matan da ba su san namiji ba, har da ƙananan yara. Ta ce yana daga cikin ƙarin gidan ƙwai da aka fi samu a matan da ke shekarun haihuwa, girmansa a hankali yake, yawanci ba ya kai milimita 2 a shekara, don haka mai yiwuwa nawa ya daɗe a jikina tun kafin in yi aure. Rikiɗewarsa zuwa ciwon daji abu ne mai wuya, kamar mace 1 ko 2 cikin 100, kuma an fi ganin hakan a matan da suka daina al'ada. Ta kuma gaya mini gaskiya cewa ba lalle ne shi ya jinkirta mini haihuwa ba. Haɗarin da ya fi damunta shi ne nauyinsa, domin yana iya sa gidan ƙwan ya murɗe a kan jijiyoyin da ke kai masa jini, kamar yadda ƙwarya mai nauyi kan juya a jikin yaɗonta, idan kuwa aka yi sa'o'i a haka ba a warware ba, gidan ƙwan mutuwa zai yi. Ƙananan da ba su kai santimita 5 ba, in ba sa ciwo, akan bar su ana bibiya da hoto, amma nawa ya wuce wannan, kuma babu ƙwaya ko allura ko jiƙon da zai narkar da gashi da haƙori. Maganinsa tiyata.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi komai yi mini ciwo a wannan lamari. Da na koma gida, sai na gaya wa maigida cewa ƙari ne ba mai haɗari ba, za a yi aiki a cire, na haɗiye maganar gashi da haƙori. Na san mutanenmu, na san abin da za a ce idan aka ji, sai na ga kamar shirun ya fi. Mu biyu ne a gidan, ni ce amarya, uwargidan kuma Adda nake kiranta, shekara 9 muna zaune ba wanda ya taɓa jin kanmu. Ban yi tunanin shirun da na yi a kanta zai faɗa ba.

Na roƙi a ɗaga aikin zuwa dogon hutu saboda makaranta, likita ta yarda amma ta gargaɗe ni cewa duk ranar da na ji ciwo mai tsanani farat ɗaya tare da amai, kada in jira gari ya waye. Haka kuwa aka yi. Wani dare cikin zafin bazara ciwon ya tashe ni kamar an soka mini wuƙa a mara, na yi amai sau uku, gumi ya jiƙa zanina. Adda ce ta ji nishina ta buga wa maigida ƙofa, ita ce kuma ta riƙe kaina a bayan mota har asibiti. Kafin asuba ciwon ya lafa. Likita ta ce da alama gidan ƙwan ya murɗe ne ya sake warwarewa da kansa, kuma ba a samun irin wannan sa'a kullum. Ba su sallame ni ba, aka sa ni cikin jerin waɗanda za a yi wa aiki.

Shirin bai da yawa amma kowane mataki da dalilinsa. Ƙannen maigida biyu suka ba da jini don a ajiye ko da za a buƙata, ni da maigida muka sa hannu a takardar amincewa bayan an karanta mana cewa idan aka tarar gidan ƙwan ya lalace za a cire shi gaba ɗaya. Daga tsakar dare aka hana ni ci da sha. Da safe aka sa mini ƙarin ruwa da robar fitsari. Akwai hanyar yin wannan aiki ta ƙananan huji da na'ura mai kyamara, wadda take sa a warke da wuri, amma ni an yi mini ne ta tsaga a ƙasan mara, irin ta masu haihuwa ta tiyata. Allurar baya aka yi mini, daga ƙirji zuwa ƙafa na daina jin komai, ina kwance ina jin muryoyinsu a bayan kyallen da aka tare mini fuska da shi, ina ta salati a zuci. Daga baya likita ta gaya mini cewa sun ɓare jakar ne a hankali daga jikin gidan ƙwan kamar yadda ake ɓare dafaffen ƙwai, suna kiyaye kada ta fashe, domin idan maiƙon nan ya zube a cikin ciki yana haddasa kumburi mai tsanani. Sun bar mini lafiyayyen ɓangaren gidan ƙwan, sun kuma duba na hagu da kyau, saboda kamar mace 1 cikin 10 akan samu ƙarin a ɓangarorin biyu. Nawa na hagu lafiya yake.

Bayan an fito da ni, aka kira maigida da mahaifiyarsa, Hajiya, aka nuna musu abin da aka cire. Ni a waya na gan shi, domin maigida ya ɗauki hotonsa. Jaka ce fara mai santsi, ta kai girman lemon zaƙi, an tsaga gefenta a cikin wani kwanon ƙarfe. Abin da ya fito daga ciki rawaya ne mai kauri kamar man shanun da ya fara daskarewa, a cikinsa kuma ga wani curin gashi baƙi a cukurkuɗe, irin wanda mace kan tara bayan tsifa. A jikin bangon jakar akwai wani ɗan tudu, a kansa haƙori ɗaya fari tas, mai kama da turmin yaro. Aka zuba shi a roba mai ruwan magani, aka ba maigida ya kai ɗakin gwajin tsoka.

An ce Hajiya ta yi salati ta dafe bango, abin da ta fara faɗa kuma shi ne, "Wannan ai jifa ne." Ban ga laifinta a wannan lokacin ba, domin duk wanda ya tashi yana jin labarin gashi da allura da layu da ake cirewa daga jikin wanda aka yi wa sammu, idan ya ga gashi da haƙori sun fito daga cikin surukarsa ba tare da an taɓa yi masa bayani ba, abin da zai faɗa ke nan. Kafin in gama farfaɗowa hoton ya zagaya dangi a WhatsApp, wani ya kai wa wani malami ya ce gashin na wanda aka binne ne, kuma ba sai an ambaci suna ba, kowa ya san inda ake nuna yatsa idan amarya ta kwanta irin wannan ciwo. Washegari Adda ta zo da kunun gyaɗa da farfesun kaza, bayan ta yi wa 'ya'yana wanka ta kai su makaranta. Ina kwance ina kallo Hajiya ta karɓi kwanukan ta tura su ƙarƙashin gado, ta ce an hana ni cin abincin waje. Da yamma aka mayar mata da su ko buɗewa ba a yi ba.

Jikina bai ba ni wahala ba. A kwana na biyu nas ta tashe ni na fara takawa a baranda ina riƙe da ciki, a kwana na huɗu aka sallame ni, aka ce kada in ɗauki abu mai nauyi har mako 6. Gidan ne na tarar ya sauya. Adda tana gaishe ni daga bakin ƙofa ba ta shigowa, Hajiya ta daina cin tuwo duk ranar girkin Adda, har na ji ana cewa Adda tana shirin tafiya gidansu a Kumo. Na kira maigida na gaya masa cewa tun kafin aikin likita ta faɗa mini za a samu gashi da haƙori, ni ce na ɓoye. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Da kin faɗa tun farko, da duk wannan bai faru ba." Na lallaɓa na shiga ɗakin Adda na durƙusa duk da ɗinkin da ke jikina, na ce, "Adda, ki yafe mini, ni na jawo miki." Ta ɗaga ni tana kuka, ta ce ba ni ce na zarge ta ba.

Bayan mako 3 sakamakon gwajin tsoka ya fito, ya tabbatar da cewa damoyid ne kuma babu alamar ciwon daji. Na roƙi Hajiya ta raka ni karɓarsa. A gaban likita ta gyara mayafi ta ce, "'Yar nan, ki gaya mini tsakani da Allah, ta yaya haƙori zai shiga cikin mace in ba sa mata aka yi ba?" Likita ta amsa mata cikin ladabi ta ce, "Mama, ba shiga ya yi ba, a nan ya tsiro. Abin da mutum ya ci ko ya sha ta hanji yake bi, hanji kuwa ba shi da ƙofa zuwa gidan ƙwai. Jakar nan a rufe muka same ta ruf, kuma gashin a jikin fatarta yake da saiwa." Ta ƙara da cewa ana cire irinsa a jikin matan Turai da Indiya da Sin, har jarirai ma akan haife su da ɗan'uwansa a gira ko a hanci. Hajiya ta ce Allah ne masani, ba ta ƙara ba. Zancen tafiya Kumo ya mutu, amma sanyin da ke tsakaninsu bai tafi ba.

Maganar jarirai da likita ta yi ban ɗauke ta da nauyi ba sai bayan wasu watanni, da na je gidan ƙanwata a Pantami na ɗauki ɗanta mai wata 7. A wutsiyar girarsa ta hagu akwai wani ƙullutu kamar ƙwallon magarya, mai santsi, ba ja ba zafi, idan an taɓa yana ɗan motsawa a ƙarƙashin fata, yaron kuma ko a jikinsa. Ta ce tun yana wata 2 suka lura da shi, yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, kuma kakarsa ta riga ta yi magana da wanzami zai zo ya yi masa sakiya. Na roƙe ta da girman Allah ta dakata, washegari na raka ta sashen tiyatar yara.

Likitan da ya duba shi ya ce damoyid ne, amma asalinsa ya bambanta da nawa duk da sunansu ɗaya. Lokacin da ake halittar fuskar jariri a farkon watannin ciki, sassanta suna tahowa ne su haɗu, to wani lokaci ɗan guntun fata yakan maƙale a ciki a daidai layin haɗuwar, kamar yadda bakin zane kan shige cikin ɗinki. Fatar nan takan ci gaba da fitar da maiƙo da gashi a inda aka rufe ta, shi ne ƙullutun yake girma. Wutsiyar gira ita ce wurin da aka fi ganinsa, amma yana fitowa a kan karan hanci, da maɗiga, da wuya, da ƙarƙashin harshe inda idan ya girma yakan tura harshe sama ya hana haɗiya, da kuma gadon baya a kan layin ƙashi. Ya ce sakiya ba ta maganinsa, domin ko an matse abin da ke ciki, muddin jakar tana nan za ta sake cika, ga shi kuma an buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, tabon da zai biyo baya kuma ya sa cirewar ta yi wuya.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne bayaninsa a kan waɗanda suke fitowa a tsakiya, wato kan hanci ko maɗiga ko gadon baya, musamman idan akwai ɗan rami a fatar wanda gashi ke leƙowa ta cikinsa ko yake tsatsar ruwa. Irin waɗannan wani lokaci suna da siririyar hanya da ta zarce har zuwa rigar ƙwaƙwalwa ko lakar baya, wani kumburin na kan hanci ma ba damoyid ba ne, sashen ƙwaƙwalwa ne ya turo ta wata kafa a ƙashi. Shi ya sa su kansu likitoci ba sa kai wuƙa wurin sai an ɗauki hoton MRI ko CT, wato hoton manyan na'urori da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, an ga iyakarsa, kuma idan hanyar ta zarce ciki sai da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ake aikin. Wanda ya huda irin wannan a gida yana iya jawo wa yaro sanƙarau. Na tuna yawan yaran da na gani a ajina da tabon sakiya a fuska, na ji hankalina ya tashi.

Na ɗan ƙanwata ya zo da sauƙi. Sikanin ya nuna bai ratsa ƙashi ba, aka ce a jira ya haura shekara 1 tunda ba ya takura ido, a kuma kiyaye kada ya bugu a wurin ya fashe. Da lokacin ya yi aka sa shi barci, aka tsaga a daidai layin girar don gashi ya rufe tabon, aka ciro jakar ɗungurungum ba ta fashe ba. Aikin bai kai awa ɗaya ba, washegari suka koma gida. A cikin jakar akwai wani farin abu mai kauri kamar cuku, da siraran gashi kaɗan. A wannan karon tun kafin a shiga da shi na tara kakarsa da babansa na gaya musu abin da za su gani.

Hajiya ta je dubiya Pantami tare da ni. Ta karɓi yaron ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallon filastar da ke girarsa, sannan ta ce a nuna mata hoton abin da aka cire. Ta riƙe wayar nesa da idonta ta duba, ta tambayi ƙanwata ko da shi aka haife shi, aka ce mata haka likita ya ce. Ta shafa kansa ta ce, "Wannan bawan Allah wa ya tsare wa wani abu?" A Keke Napep har muka iso gida ba ta sake magana ba. Ranar girkin Adda ce. Bayan sallar magariba Hajiya ta kira babbar 'yata ta ce, "Je ki ce wa Addarku ta zubo mini tuwo, ta sa miyar kukar da yawa."